Direban da Ke Son a Ce Masa Baba

Faɗan da na yi da Direba har yau tsofaffin layinmu suna ba da labarinsa, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Masu cewa na fasa masa kai ƙarya suke yi. Shebur na ɗaga, ban sauke ba. Abin da na yi kawai, ragowar garin gawayi na zazzage masa a kan farar riga.

Mijin ƙanwata ne. A lokacin ƙanwar tawa ta shekara biyu a ƙasa, 'yarta ɗaya tana hannuna, tana famfara. Da hantsi sai ga babbar mota ta toshe bakin layi, mai ruwa bai wuce ba, mai amalanke bai wuce ba. Ya diro yana ƙamshin turare, da jan takalmin yara a leda. Ya tsuguna gaban rumfata yana washe baki.

"Zo nan, zo. Kin san ni? Ce Baba."

Yarinyar ta leƙo daga bayan buhunan gawayi, ta dube shi, ta dubi motar, ta gaishe shi yadda ta ji kowa a layin yana gaishe shi.

"Sannu da zuwa, Direba."

Ya yi dariya, ya kaɗa mata takalmin, ya sake cewa. Ta sake ba shi amsar. A na uku ya miƙa hannu ya murɗe mata kunne.

"Yaya, ke kika koya mata wannan!"

"Ni gawayi nake sayarwa," na ce masa, "ban buɗe ajin koyar da sunan mutanen da ba a gani ba. Saki kunnen nan."

"'Yata ce fa!"

"To ina ka ba da ajiyarta da ka zo karɓa? Saki kunnen nan kafin in mai da kai kalar tayarka."

Bai saki ba, ni kuma na cika alkawari. Ya tafi yana tari yana zagina da yare kala-kala, ya bar ledar a ƙasa. Da na gwada wa yarinyar takalmin, rabin ƙafarta ne ya shiga. Na 'yar shekara uku ya sayo, don a nan kallonsa ya tsaya.

Ba irin mugun da za ka hango ka canza hanya ba ne. Da haka yake da an huta. Mutum ne mai daɗin zama, mai kyauta in yana da shi, mai baki kamar rediyo. Duk abin da zan faɗa a kansa daga bakinsa na ji, don bai taɓa iya riƙe labari ba, ko da na tonon asirin kansa ne.

Yaron mota ya fara, yana ɗaure kaya da igiya, yana kwana a ƙarƙashin tirela. Allah ya ba shi kunne. Duk inda mota ta tsaya, kafin ubangidansa ya wanke hannu shi ya kwashi maganar mutanen wurin ya zuba a aljihu. Babu yaren da ya iya har ƙarshe. A kowanne dai ya iya ciniki, ya iya zagi, ya iya tsai da mace, ya ce direba ba ya bukatar abin da ya wuce haka. A tasha Baki-biyar suke ce masa.

Da aka damƙa masa mota hanyarsa doguwa ce. Ya yi lodi a bakin teku, ya ratsa dajin da ake yankan katako, ya hau ƙasar duwatsu, ya sauke a kan iyaka, ya juyo ta babban birni. Duk inda motar ta saba kwana sai da ya yi aure. Wata ya saka, wata ya manta bai saka ba, amma kowacce ya bar mata abin goyo. Wasu direbobin hula suke tarawa, wasu agogo. Shi kalma ɗaya ya tara: yadda ake kiran uba a kowane yare. Kuma ba ya sa ta a lissafi sai ya ji ta daga bakin ɗan da ya haifa.

In ya samu teburin mai shayi a cike, sai ya ajiye kofi ya ware yatsu.

"Mutanen bakin teku, tasu in ka fassara ta, mai kawo abin tukunya take nufi. Ko kawunka ne, in shi ke ciyar da kai, da ita za ka kira shi. Mutanen duwatsu kuwa, da uba da itacen da ke riƙe rufin ɗaki sunansu ɗaya. Ka ji masu hankali! 'Yan dajin katako ba su da wasa, su mai abu suke cewa, kamar mai gona, kamar mai akuya. A kan iyaka biyu gare su. Akwai ta girmamawa, akwai wadda ake jefa wa duk namijin da aka samu ɗa daga gare shi, mutum ne ko bunsuru. Ni ta farkon ake ce mini."

"Na birni fa, Baki-biyar?"

"Wannan ɗan 'yar boko ne, Dadi yake cewa. Na bincika, ba ta da ma'ana. Sai dai duk wanda ya faɗe ta za ka ga hannunsa a miƙe."

Teburi ya kaure da dariya, wani ya sake sayo masa shayi. Sai ranar da aka samu mai neman magana ya ce, "To ta gida fa?" A nan Direba ke ɗaukar kofinsa ya ce shayin ya huce.

Ta gida ita ce babu. Kalmar da ta fi kowacce arha, wadda kwandasta ke jefa wa kowane mai furfura don ya matsa, ita ce ta gagare shi daga bakin 'yarsa ta fari. Kuma ya san dalili. Ƙanwata ta yi damina guda a kwance da ciwon ƙirji, an aika tasha ya fi a ƙirga. Saƙon ya same shi a kan iyaka, matar can ta haihu, ya ce bari ta ɗan warware. Ya iso an share makoki, an mai da tabarmin aro. Ya ce mana taya ce ta fashe, ya sha ruwa, ko kwana bai yi ba.

Yarinyar ta girma ba ta da hayaniya. Ta koyi ɗinki, ta kama shago a bakin titi, sunan Tela ya bi ta har ni ma na koma kiranta da shi. Ta auri wani mai gyaran famfo, bawan Allah wanda in ya yi magana biyu a yini ya yi surutu. Direba yakan ɓullo bayan shekara ɗaya ko biyu, kowane zuwa tsarabar ta fi ta baya girma. Ya kawo bargo, ya kawo fanka, har keken ɗinki mai amfani da wuta ya taɓa saukewa. Takan fito ta rusuna kamar kowace 'yar mutunci, ta ba shi kujera, ta aika a sayo masa lemo mai sanyi, ta ce, "An gode, Direba. Allah ya kiyaye hanya."

Wata rana abin ya ci shi, ya zaro waya a tsakiyar shagon, ga mata masu jiran awo a zaune. Ya kira ɗansa na duwatsu, ya buɗe murya kowa na ji.

"Kai, kira ni da sunan nan naku, yayarka ta ji yadda 'ya'yan kirki ke yi."

Saurayin ya faɗa daga can. Direba ya ɗaga wayar sama kamar wanda ya ci kofi, yana bin matan da kallo. Tela tana ƙoƙarin zura zare a allura.

"Direba," ta ce, "ɗan matsa, ka tare mini haske."

Ciwon suga ne ya sauke shi daga mota. Ido ya fara yi masa hazo, ya ɓoye, yana tuƙi da sanin hanya da addu'a, har ranar da ya rungumi kwalbati da lodin siminti. Ya fita da ransa, mai motar ya karɓi makulli. Bai damu sosai ba. Ya gaya wa 'yan tasha shi mai gida biyar ne, wata biyu nan, wata biyu can, shekara ta kusa ƙarewa. Ya ɗauki jaka, abokan aiki suna rage masa hanya.

A bakin teku ɗansa ya zama ƙato, yana aikin sauke kaya. Ya karɓe shi ba yabo ba fallasa, ya ba shi wuri a baranda. Direba ya kasa kunne yana jiran kalmarsa. Da yamma ya ji ta, ras, sai dai ba shi aka nufa ba. Wani tsoho ne ya shigo, wan uwar yaron. Direba ya ce, "Kai, ni fa?" Saurayin ya ba shi amsa da yarensu, a hankali, don ya tabbata ya gane: "Kai ka fi kowa sanin ma'anarta. Yaushe rabon da ka kawo abin tukunya?" Direba ya gaya mini abin da ya fi ƙona shi, ya fahimci kowace kalma. Da ma kunnen nasa ya toshe ranar.

A duwatsu ya tarar matar ta yi aure tuntuni, ɗan da ya yi masa kira a waya ya tafi neman aiki, sabon mijin ya raka shi tasha da kansa har da riƙe masa jaka. 'Yan dajin katako suka tambaye shi abin da ya zo da shi, da suka ga jaka ce kawai suka ce mai abu sai da abu. A kan iyaka ba wanda ya san inda matar ta koma. Na birni kuwa ya faɗa masa Dadi ya fi sau goma a waya, da zaƙi kamar zuma, ya ce ya jira shi a tasha yana zuwa. Direba ya jira har masu shara suka san shi.

Wani tsohon abokinsa ne ya ajiye shi a ƙofar shagon Tela, ya ja mota bai ko kashe inji ba. Ina wurin, na kawo mata gawayin guga. Na ga mutumin da ya saba dirowa daga tirela yana lalube da ƙafa yana neman dakali, ƙafar dama a naɗe da tsumma, ƙudaje na bi.

Na ce mata, "Ki mai da shi tasha, su suka ci moriyarsa."

Sai ta kwashe buhunan ƙyallaye daga ɗan ɗakin da ke bayan shago, ta share, ta shimfiɗa katifa, ta ɗaura igiya daga bakin katifar har bayan gida don ya riƙa bi da hannu.

Ban taɓa ganin jinya irin wannan ba, kuma na ga jinya. Ta je asibiti ta koyi yi masa allurar suga. Safe da yamma ta tsuguna ta wanke ƙafar da ruwan ɗumi da gishiri, warin da ke korar masu kawo ɗinki ita ko hanci ba ta toshewa. Ta yanke masa farce. Ta ɗinka masa riguna marasa maɓalli don kada ya wahala. Abincinsa daban take dafawa, ta tsaya a kansa sai ya cinye. Maƙwabta suna ta sa mata albarka, suna cewa kowa ya haifi irinta ya huta. Shi kuma yana kwance yana jin muryarta a kansa kullum: "Direba, miƙo ƙafar. Direba, ga ruwa a damanka."

Baba kuwa ya sha shi har ya gundure shi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce masa Baba, mai kawo burodi ya ce masa Baba, masu kawo ɗinki su leƙa su ce sannu Baba. Mijin Tela kullum kafin ya ɗauki jakar sifanoninsa sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya. Kai ba kai nake jira ba."

Da ya ga zaman jira ba zai yi ba sai ya koma dabara. Ya lura in mutum ya firgita, abin da ke can ƙasan zuciyarsa ne ke fitowa. Wata safiya yana bin igiyarsa, ya daidaita lokacin da keken ya yi shiru, ya saki jiki ya zube, ya ture bokiti don a ji, ya ƙame kamar gawa. Ya ji ta ture kujera, ya ji gudunta, ya ji hannunta a wuyansa. Ya riƙe numfashi, zuciyarsa na cewa yanzu, yanzu. Ta ɗaga murya har titi:

"Inna! Inna, zo da sauri, Direba ya faɗi!"

Na iso na tarar idon da ba ya gani yana zubar da ruwa. Na zungure shi da ƙafa na ce, "Tashi, gawa ba ta kuka." Faɗuwar ƙaryar ta fasa masa ciwon ƙafar da gaske, daga ranar bai sake takawa ba.

Sai ya koma abin da ya iya, ciniki. Ya sa aka riƙa fito da shi shago ana zaunar da shi kusa da teburin yanka. Ya bari sai ba kowa, ya gyara murya irin ta teburin mai shayi.

"Tela, na gane ta gida ta yi miki nauyi. To mu bar ta. Akwai ta mutanen bakin teku, gajera ce kamar tari. Ba yarenki ba ne, ba za ki ji komai ba in kin faɗa."

"Me take nufi?"

Ya san ta sani, duk garin an sani, shi ya yi shekaru yana shelarta. Ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Mai kawo abin tukunya."

"To ai Inna ce ke nan," ta ce, ta ci gaba da zana alli a kan yadi.

Bayan kwana biyu ya kawo ta duwatsu. Ta ce rufin da ta tashi a ƙarƙashinsa kwano ne, kuma duk damina ita da Inna suke tara robobi, ba ta ga itacen da ya riƙe shi ba. Ya kawo ta dajin katako, ta ce ita ba akuya ba ce. Dadi kuwa da ya ambata, dariya ta yi, ta ce ita hannunta na kan almakashi, ba ta da na miƙawa. Kowacce ya ɗauko daga ajiyarsa ya ajiye mata a teburi, ta juya ta kamar yadin da aka ce mai kyau ne, ta nuna masa inda ya yage. In ya matsa da magana sai ta taka keke, ƙarar ta rufe shi.

Saura ɗaya, wadda ya sha rantsuwa ba a taɓa ce masa ba. Ya yi kwanaki yana juya ta a baki kafin ya fitar.

"Akwai ta biyun nan ta kan iyaka. Ita ba ta ce na ciyar ba, ba ta ce na riƙe komai ba. Abin da ta ce kawai daga gare ni aka same ki. Wannan kam ba za ki ce ƙarya ba ne."

Keken ya tsaya.

"Wadda ake ce wa bunsuru?"

"Ita."

"Faɗe ta in ji."

Ya faɗa. Ta sa ya maimaita, ta tambaye shi ko ana jan ƙarshenta, ya gyara mata da murna. Ta ce ta riƙe.

"Kalma ce mai kyau. Zan ajiye wa zakaran maƙwabta. Shi ko ba komai yana tono yana kiran iyalinsa."

Ni da ba na tausayinsa, ranar sai da na ji wani abu. Na bi ta bayan shago tana hura dutsen guga.

"Ke, faɗa masa ki huta mana. Baki ne kawai. Kin wanke masa abin da ya fi wannan wuya."

Ta daɗe tana fifita gawayin.

"Inna, kin tuna ranar da aka fita da gawar Umma? Kuna ciki kuna kuka, ba wanda ya neme ni. Ni ina bakin titi. An ce mini an aika masa, yana hanya. Duk babbar motar da ta taho sai in bi ta da gudu ina Baba, Baba. Wani yaron mota har ɓawon lemo ya jefo mini. Ban bar wurin ba sai da rana ta faɗi."

Na tuna. Ta yi kwanaki ba murya, muka ce kukan uwa ne.

"Ba rowa nake masa ba," ta ce. "Na sha buɗe baki in faɗa, in tarar babu. A titin nan na ƙarar."

Na ɗauki maganar nan da zafinta na kai masa ɗaki, don ya san abin da ya aikata, ya ji kunya ya rufe mana baki. Na faɗa masa tas, har ɓawon lemon. Ya sunkuyar da kai, na ce to, yau dai ta shige shi. Sai na ga fuskarsa tana washewa.

"Ashe ta faɗa!"

"Me ka ce?"

"Ta faɗa, Yaya! Ni ne dai ban ji ba. Sau nawa? Yini guda fa kika ce?" Ya ɗaga hannu yana ware yatsu, ya kai na biyar, ya ɗago ɗaya hannun ya ƙara ɗaya. Sannan ya ɗaga murya. "Tela! Tela, zo! Ashe kin iya! Yi mini yadda kika yi a titin nan, sau ɗaya kawai, in ji yadda ta fito!"

Tana tsaye a bakin ƙofa da dutsen guga a hannu. Na zaci za ta jefe shi da shi, kuma da ban riƙe ta ba. Ta juya ta koma shago, na ji tana goge rigar mutane, a hankali, har ta gama.

Daga ranar ko Direban ma ya rasa. Jinya ba ta ragu da ƙwayar zarra ba, allura a kan lokaci, ruwan ɗumi safe da yamma. Sai dai ta daina kiransa da komai. "A miƙo ƙafa. A buɗe baki. A juya." Kamar mai magana da ɗakin. Ya yi fushi, ya ƙi abinci, ta ajiye kwanon ta tsaya har yunwa ta sa ya lalubo cokali. Ya yi kuka, ya ce ta mai da masa Direbansa ya haƙura da sauran. Ta ce, "A ɗaga hannu, za a canza riga."

Ƙafar ta ci gaba da ruɓewa. Likita ya ce a yanke, Direba ya ce ƙafar da ta taka birki shekara talatin ba mai taɓa ta. Aka dawo da shi gida. Ya rame har igiyar da ke bakin katifarsa ta fi hannunsa kauri. Surutun ya ragu, yaren nan biyar suka cakuɗe masa, ya fara magana da na teku ya ƙare da na duwatsu, ba mai amsa masa.

Ranar da zai tafi, da safe na leƙa. Bai kai la'asar ba, kuma bayan ni ba wanda ya sake jin magana mai ma'ana daga bakinsa. Ya gane takuna.

"Yaya, ke ce? Matso."

Na matsa, na zauna a kan bokitin da aka kife.

"Mun yi faɗa da yawa, ni da ke."

"Sau ɗaya muka yi. Sauran duk kai kaɗai ka yi abinka."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Ya lalubo gefen zanena ya riƙe.

"Alfarma ɗaya za ki yi mini. Ke kika raine ta, kin san yadda take magana. Ki fita, ki ɗan jima, ki dawo da irin tafiyarta. Ki tsaya daga can bakin ƙofa, ki siranta murya ki faɗa. Ni ba gani nake ba. Wallahi ba zan bincika ba, Yaya. Zan ɗauka ita ce."

Na ɗaga kai. Tela tana bakin ƙofar da roba ta ruwan ɗumi, tawul a kafaɗa, ban san tun yaushe ba. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Na ga leɓenta ya motsa. Sannan ta sunkuya ta ajiye robar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ta juya. Jim kaɗan na ji keken ya tashi.

"Yaya? Za ki yi?"

Na zare zanena daga hannunsa.

"Ba sai na wahalar da muryata ba," na ce masa. "Mai abin tana tsaye a nan tun ɗazu, ta ji duk abin da ka roƙa. Kasa kunnen nan naka da kake taƙama da shi. Ka ji keke? To amsarka ke nan."